Jagorar Saye da Gyaran Tsohon Akwatin Gem Mai Bindiga

Waɗanda suka yi ƙuruciya a shekarun 1990 za su tuna gem ɗin nan mai rawayen kaset da ake jonawa da talabijin, mai zuwa da 'yar bindigar roba, ana harbin agwagi, in an kuskure kare ya leƙo yana dariya. Asalin wasan shi ne Duck Hunt na kamfanin Nintendo, wanda ya fito a Japan a 1984, kwaikwayonsa kuma ya cika kasuwanninmu. To, wasan nan yana da manyan 'yan uwa, wato akwatuna masu tsayin mutum da aka ƙera domin gidajen wasa. Akwai Lethal Enforcers na Konami da ya fito a 1992, da Virtua Cop na Sega a 1994, sai Time Crisis na Namco da Area 51 na Atari, dukansu a 1995.

A Tambuwal ko Kebbe, in an ce gidan gem, abin da ke zuwa a rai shi ne benci da PlayStation da wasan ƙwallo. Akwati mai bindiga wani abu ne daban. Ba ya buƙatar a koyi maɓallai, yaro da babba kowa na iya ɗauka ya saita ya harba, wasan kuma ba ya daɗewa, layi na tafiya. Sai dai kaya ne da ya kai shekara talatin, kuma wanda ya saye shi da ka, katako kawai zai kawo gida. Abu ɗaya za ka riƙe tun daga farko: kwalbar talabijin ɗin da ke ciki ita ce kan ciniki. In tana da rai, sauran duk masu sauƙi ne.

Yadda bindigar ke aiki

Babu abin da ke fita daga bakin bindigar nan. A cikinta akwai ɗan gilashi mai tattara haske, a bayansa kuma wani ƙanƙanin ido na lantarki. Talabijin mai ƙeya ba ya nuna hoto gaba ɗaya a lokaci guda. Wani ɗigon haske ne ke gudu daga hagu zuwa dama, layi bayan layi, daga sama har ƙasa, yana zana layi wajen 15,700 a daƙiƙa ɗaya, yana sabunta hoton sau 60. Idon mutum ba ya kama wannan gudun, amma na bindiga yana kamawa. Da ka ja kunama sai allon ya yi walƙiya fari fat, ɗigon ya gifta ta daidai inda ka saita, idon ya gan shi, injin kuma ya lissafa lokacin da ɗigon ya ɗauka daga farkon hoto zuwa wurin. Da wannan lissafin yake sanin inda harbi ya sauka.

Shi ya sa irin wannan bindiga ba ta aiki da filasma ko sauran talabijin na bango, domin babu ɗigon da ke gudu a cikinsu. Duk mai sayarwar da ya ce maka "ai sai ka cire tsohuwar kwalbar ka sa filasma", ko dai bai san kayan ba, ko yana son ya rabu da shi ne.

Akwai wasu iri biyu da ya kamata ka iya bambantawa. Na farko, bindigar kafe take a jikin akwati, juya ta kawai ake yi, kamar ta Terminator 2 na kamfanin Midway da ya fito a 1991. Wannan ba ta da ido; abin murɗawa irin na ƙara muryar rediyo ne guda biyu a gindinta ke faɗin inda ta fuskanta. Na biyu kuma, irin The House of the Dead 2 na Sega na 1998, an jera ƙananan fitilu a gefen allo masu fitar da hasken da ido ba ya gani, irin na rimot, bindigar na bin su. Waɗannan biyun ba su dogara da ɗigon kwalba ba, don haka in ta mutu akwai mafita.

Inda ake nema

Ba kaya ne da za ka tarar an jera a shago ba, sai an yi cigiya. Wurin farko shi ne wajen masu shigo da kayan lantarki na hannu a kasuwar Alaba da ke Ojo a Legas, sai kasuwar Sabon Gari a Kano. Tsofaffin otal da wuraren wasan yara a manyan birane su ma sukan jibge irinsa a sito. Ka ba dillali hoton abin da kake nema, ka yanke la'ada da shi tun kafin a samu.

Kada ka yi cinikin biri a sama. Kafin ka ba da kafin alƙalami, a turo maka bidiyo wanda ba a yanka ba: a jona wuta a gabanka, hoto ya fito, a harbi kusurwa huɗu da tsakiya da kowace bindiga. In an ce babu wuta a wurin, a nemi janareta a kuɗinka. Kuma in da hali, ka je da mai gyaran talabijin na da, irin dattawan da suka ci zamanin mai ƙeya. Kuɗin motarsa bai kai asarar da zai tare maka ba.

Abin da za ka duba

Kamar yadda mai sayen rago ke buɗe baki ya ga haƙora, kai ma ƙofar baya za ka fara buɗewa, wuta a kashe. Ka sa hanci tukuna: ƙaurin ƙuna da zarnin fitsarin ɓera ba sa ɓuya. Sai ka haska tocila ka ga ko fanel ɗin wasan na nan, ko an yanke wayoyi, ko akwai tsatsa ko wani koren abu da ya zubo daga batir. Ka karanta sunan da ke jikin fanel, domin sau da yawa hoton jikin akwati daban, wasan da ke ciki daban.

Ka duba wuyan kwalba, wato siririn gilashin da ya fito ta baya. In ya tsage, kwalba ta mutu, ba ta da gyara. Ta gaba kuma, tun ba a kunna ba, ka duba ko akwai inuwar rubutu da ta zauna a fuskar allon. Wannan ƙuna ce ta shekaru, ba ta gogewa. In kaɗan ce ana zama da ita. In ta yi duhu, bindiga za ta riƙa kuskure a wurin.

In an kunna, ka ba shi kamar rabin awa, domin wasu cututtukan sai ya ɗumama suke bayyana. Fari ya zama fari sosai, ba toka-toka ba. Ka kasa kunne: ƙarar tas-tas daga baya alama ce wuta na tsallake a taransifomar da ke ba kwalba wuta, wadda masu gyara ke kira filaibak.

Katakon ma ka ƙwanƙwasa shi, musamman ta ƙasa. Yawancinsu da matsattsen garin katako aka yi su, in ya sha ruwa sai ya kumbura ya riƙa marmashewa. Kafinta na iya sauya gindi, amma ka rage kuɗin a ciniki. Wasu akwatunan, kamar Area 51, kwalbar a kwance take tana kallon sama, madubi ne ke nuno hoton, don haka ka tabbata madubin bai fashe ba.

Ƙa'idar taya kuwa ita ce: akwatin da bai kunnu a gabanka ba, kuɗin matacce za ka taya, ko da mai shi ya rantse fiyus ne kawai. Ka ce masa, "Alhaji, in fiyus ne, a sauya a kunna, sai mu yi maganar kuɗin mai rai."

Ɗauko shi zuwa gida

Daga Legas zuwa Tambuwal tafiya ce ta kusan kilomita 1000, ta Ilorin da Jebba da Mokwa da Kontagora da Yawuri da Koko da Jega. Daga Kano kuma sai an biyo ta Gusau da Sakkwato, a gangaro ta Shagari. Kowace aka bi, akwai ramuka, akwatin kuma ya haura kilo 100. Ka cire fanel ka naɗe shi a kwali ya zauna tare da kai. Ka ƙara ɗaure sukurorin da ke riƙe da kwalba, in ma za ka iya, a fitar da ita a ɗora ta rub da ciki a kan katifa, wuyanta na sama, babu abin da ke taɓa shi. Akwatin ya tafi a tsaye, a ɗaure, da tamfol a kansa.

Ga wani abu da ya shafi yankinmu musamman. Hanya cike take da shingayen jami'an tsaro, kuma kowa ya san halin da ake ciki. Kada ka cusa bindigogin a jaka ko ƙarƙashin kujera. Ka bar su a jikin akwati da wayoyinsu, rasit na hannunka, ka riga jami'i faɗin abin da ka ɗauko. Da gangan masu ƙera su suka yi su shuɗi da ja da ruwan hoda, don kada a ɗauke su a matsayin na gaske. Kada ka kuskura ka yi musu baƙin fenti, kada kuma ka bar yara su fita da su waje.

Wuta kafin komai

Wutar Nijeriya bolt 230 ce. Akwatin da aka yi wa Amurka 120 yake ci, na Japan kuma 100. Ka karanta 'yar takardar da ke manne a baya, sannan mai gyara ya bi wayoyin ya tabbatar, don ƙila wani ya taɓa sauyawa. In na 100 ko 120 ne, sai da taransifomar rage wuta, mai ƙarfin da ya ninka abin da akwatin ke ja, domin a daidai lokacin kunnawa kwalba na fizgar wuta da yawa.

A ƙasan akwati za ka ga wata taransifoma mai nauyi wadda kamar ba ta da aiki, wuta na shiga ta fito yadda take. Kada a cire ta. Ita ke raba talabijin ɗin da wutar gari, kuma da yawa daga cikin allunan nan, in aka jona su kai tsaye, ko su ƙone, ko ƙarfen jikin akwati ya ɗauki wuta.

Ko wutar kamfanin rarraba lantarki na Kaduna ce, wanda ke ba Sakkwato da Kebbi da Zamfara, ko janareta ce, ka sa sitabilaiza a tsakani. In janareta ce, a tayar da ita ta daidaita kafin a kunna akwati, a kuma kashe akwati kafin a kashe ta ko kafin mai ya ƙare. In sola ce, ka nemi inbata mai ba da wuta sumul irin ta gari. Masu arha suna sa taransifoma gurnani da zafi. A kafa ƙarfen ƙasa a haɗa shi da jikin akwatin, tunda yara da yawa ba takalmi za su zo.

Daga nan sai ƙaramin akwatin da ke ba fanel wuta. Yawancin injinan zamanin suna bin tsarin JAMMA, wanda masu ƙera gem na Japan suka fitar a tsakiyar shekarun 1980, mai soket ɗaya da haƙora 56. Ka cire soket ɗin, ka kunna, ka auna da mita: a sami bolt 5 da bolt 12. Sannan ka kashe, ka mayar, ka sake aunawa a jikin fanel ɗin kansa. Abin da ake so shi ne 5.0 zuwa 5.1. In ya gaza, wasa zai riƙa ɗaukewa yana sake farawa. In ya haura 5.25, kana dafa fanel ne. Ka yi wa soket ɗin alama kafin ka cire, domin mayar da shi a juye na ƙona fanel nan take.

Gyaran kwalba

Nan ne ake wasa da rai. Kwalba mai inci 25 tana aiki da wutar da ta kai bolt 25,000, kuma tana riƙe ta ko bayan an zare fulogi. In ba ka taɓa yi ba, ka tsaya gefe ka kalli mai gyara. Zai zare fulogi, ya ɗaura waya a jikin dogon sukundireba mai hannun roba, ɗaya bakin wayar ya maƙala shi a ƙarfen da ke riƙe da kwalba. Sai ya mayar da hannu ɗaya baya, ya zura bakin sukundireban a hankali ƙarƙashin robar nan mai kama da faifai da ke manne a bayan kwalba, har ya taɓa ƙarfen ciki. Wani lokaci a ji ƙas, wani lokaci shiru. Ya dakata 'yan mintuna ya maimaita, domin wutar kan sake taruwa. Babbar kafasitar da ke kusa da mashigar wuta ita ma sai an sauke abin da ta riƙe.

Alamomin ciwo kuwa sanannu ne. In hoto ya koma layi ɗaya a kwance, ka kashe nan da nan kafin ya ƙona allo. Sashen da ke buɗe hoto sama da ƙasa ne ya tsaya, galibi dalma ce ta saki. In hoto na birgima, a gwada abin murɗa daidaito, a kuma duba wayar da ke haɗa lokacin fanel da na allo. In launi ya yi dabbare-dabbare, maganaɗisu ne ya kama kwalba: a nisanta lasifika, a duba zoben wayar da ke kewaye da kwalba mai wanke maganaɗisu a duk kunnawa. In wasa na ƙara amma allo duhu, a leƙa wuyan kwalba, in babu ɗan jan haske a ciki, wuta ba ta isa can ba.

Hoto mai lanƙwasa ko dushi-dushi yawanci kafasitoci ne suka bushe, zafin bazararmu kuma yana gaggauta musu. Maimakon farautar su ɗaya-ɗaya, a sauya dukan na ruwa da ke jikin fanel ɗin allo, a sayi masu alamar 105 a jiki, waɗanda suka fi jure zafi, a kula kada a juya ƙafafunsu.

In kwalbar ta mutu murus, ana iya ciro wata daga tsohon talabijin mai girma ɗaya, muddin haƙoran wuya da naɗin wayar da ke kansa sun dace. Mai gyara ne zai auna. Wata hanyar ita ce talabijin na hannu daga Turai mai faffaɗan soket ɗin SCART a baya, wanda ke karɓar ja da kore da shuɗi daban-daban kamar yadda fanel ke fitarwa, sai dai a sa rezisto a rage ƙarfinsu. Ka tabbata yana karɓar hoto mai 60, ka kuma guji wanda aka rubuta wa 100Hz, domin bindiga ba ta aiki da shi. Wannan dabarar ta injinan da ke zana layi 15,700 ce. Wasu, kamar na Sega, gudunsu ya fi haka, talabijin na gida ba ya ɗauka.

Fanel da bindiga

Fanel ɗin wasa ba wurin gwaji ba ne. A kakkaɓe ƙura da buroshi mai laushi, a goge haƙoran soket da abin goge fensir, a bi da sifirit, a bari ya bushe. Ban da fetur, ban da ruwa. A danna duk abin da ke zaune a soket ya koma mazauninsa, a sauya batir in akwai. Area 51 a faifan kwamfuta yake ajiye hotunansa, kuma faifan kan gaji. Ana kwafe shi a kan katin CompactFlash tun yana aiki.

Ita bindiga, gano ciwonta ba wuya. Ka ja kunama. In allo bai yi walƙiya ba, ɗan makunnin da ke bayan kunama ne ya mutu ko waya ta tsinke. Mafi yawan tsinkewa a daidai inda waya ta shiga gindin bindiga take faruwa, saboda fizgar yara. Ka sa mita, ka riƙa lanƙwasa wurin, za ka ga tana ɗaukewa. In allo ya yi walƙiya amma harbi bai sauka ba, idon ne bai ga haske ba. A yawancin wasannin nan, harbi a wajen allo shi ne ɗura harsashi, don haka bindigar da kullum ɗuri take yi ba ta kashe kowa, makauniya ce. Ka buɗe ta, ka goge gilashin ciki da waje, ka goge fuskar allo da madubi, ka ɗan ƙara haske.

In har yanzu shiru, ka musanya bindigogin biyu a inda suke shiga fanel. In ciwon ya bi bindiga, a cikinta yake. In ya zauna a gefe ɗaya, fanel ne ko wayar ciki. Masu fitilu a gefen allo kuma, ka duba su da kyamarar waya, masu rai za su nuna ɗan haske, matattu duhu. Bindigar Time Crisis mai ja da baya in an harba tana da wutarta daban, kuma ko wannan ya mutu wasa na tafiya.

Bayan kowane gyara sai an saita. A bayan ƙofar kuɗi akwai maɓallin gwaji; ka shiga, ka nemi wurin saitin bindiga, ka tsaya inda mai wasa zai tsaya, ka harbi alamomin da ya nuna. Duk lokacin da aka taɓa faɗi ko tsayin hoto, sai an sake. A nan kuma ake rage wuyar wasa, a wasu ma har a rage jini ko a sauya launinsa saboda yara. Da yake kwabbai ba sa yawo a hannun mutane, sai yaron shago ya karɓi kuɗi ya danna maɓallin ba da wasa.

Zama da shi

Ka ajiye shi inda rana ba ta dukan allo ko bakin bindiga, nesa da doguwar fitila, domin duk suna ruɗa idon. Ka ɗora shi kan bulo saboda gara da ruwan damina, ka bar tazara tsakaninsa da bango. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ka ƙara fanka a ƙofar baya, ka hutar da shi da tsakar rana. Da hunturu ka rufe shi da zane in an tashi, ka riƙa hure ƙura, domin ƙurar da ta taru a kan filaibak ita ke ba wuta hanyar tsallake. Ramukan iska a sa musu raga saboda ɓera da zanzaro. Rufewa lokacin salla da lokacin makaranta kuma ita ce za ta zaunar da kai lafiya da iyaye da mai unguwa.

Masana'antu sun daina yin irin wannan kwalba, kuma kullum 'yan gwangwan na fasa waɗanda suka rage don ciro jan ƙarfe. Saboda haka, da zarar akwatinka ya fara aiki, kuɗin farko da ya shigo ka nemi tsofaffin talabijin biyu masu girman naka a cikin gari, ka gwada su, ka ajiye a ɗaki busasshe. Ka kuma haɗa yaron shagonka da dattijon mai gyara ya koyi aikin a hannunsa, ko da kai za ka riƙa biyan kuɗin koyon, domin masu iya taɓa mai ƙeya raguwa suke yi kamar yadda kwalaben ke raguwa.